Babi na Shida: "Slump", Kalmar Faɗuwa da Ba Ta Ambaton Dalili

Me ya sa jaridar Turanci za ta ɗauki kalma guda, wato "slump", ta ba da labarin mutumin da ya yanke jiki ya faɗi a wurin taro, ta sake ɗaukarta a shafin kasuwanci ta yi bayanin darajar naira, sannan a shafin wasanni ta jingina ta ga ɗan wasan gaba da ya daina cin ƙwallo? Tambaya ce da ɗalibai da masu fassara labarai a gidajen rediyo suke yawan yi, haka ma 'yan kasuwar da ke bin farashin dala a wayoyinsu, domin ƙamus yakan jero ma'anonin ne kawai ba tare da nuna zaren da ya haɗa su ba. Amsar tana cikin irin faɗuwar da kalmar ke siffantawa, da kuma wani abu da take barinsa a rufe duk lokacin da aka yi amfani da ita.

Asalin kalmar

Kalmar ta bayyana a rubuce cikin Turanci a ƙarshen ƙarni na 17, kuma ma'anarta ta farko ita ce zurmawa cikin taɓo, irin wadda ke samun matafiyin da ya taka fadama yana zaton ƙasa ce mai tauri. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da wasu kalmomi masu kama da ita a harsunan arewacin Turai, musamman na ƙasar Norway, waɗanda su ma suke nufin faɗuwa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 'yan kasuwa suka aro ta don bayyana karyewar farashi, daga nan kuma ta bazu zuwa fannonin da ake jin ta a yau.

Wanda ya taɓa ganin yadda katangar laka ke zubewa a tsakiyar damina ya riga ya san hoton da kalmar ke ɗauke da shi. Babu wanda ya ture katangar, kuma ba ta kifa gaba ɗaya ba. Ruwa ne ya daɗe yana cin gindinta har ta kasa ɗaukar nauyin kanta, sai ta sulale ta zauna a inda take, ta zama tsibin ƙasar da ba zai tashi da kansa ba. Masana ilimin ƙasa ma da wannan kalma suke kiran zamewar da gaɓar kogi ko gefen tudu ke yi idan ruwa ya jiƙa shi ya zame ƙasa a dunƙule. Nauyi, da rashin abin tokara, da zama a ƙasa bayan an faɗi, su ne suke bin kalmar duk inda ta shiga.

A jikin mutum

A Turancin Ingila da Amurka, idan aka ce mutum ya yi "slump" a kan kujera, ana nufin ya saki jikinsa, kafaɗunsa sun zubo, kansa ya rankwafa, ko don gajiya ko don baƙin ciki ko don barci ya ɗauke shi. Haka ake siffanta direban da aka tarar ya kife a kan sitiyari. Akwai kuma kasalar nan da ke saukar wa ma'aikaci bayan cin abincin rana, ita ma da wannan suna suke kiranta.

Jaridun Najeriya sun ƙara wa kalmar wani nauyi na daban, domin a wurinsu ita ce kalmar da aka saba ba da labarin faɗuwar farat ɗaya da ita, kuma sau da yawa kalmar mutuwa ce ke biye da ita a kanun labari. Abin da Bahaushe ke cewa a nan shi ne mutum ya yanke jiki ya faɗi. Misalin da masu bin ƙwallon ƙafa ba su manta ba shi ne na Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a tsakiyar fili ranar 12 ga Agusta 1989 a Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas, ana cikin wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya tsakanin Najeriya da Angola, ya kuma rasu yana da shekara 25. Binciken likitoci ya nuna cewa zuciyarsa ta yi girma fiye da kima kuma yana da hawan jini.

Abin damuwa a wannan amfani shi ne yadda kalmar ke tsayawa a kan abin da ido ya gani, ta bar mai karatu da tunanin cewa lamari ne da ya sauko daga sama wanda babu abin yi a kansa. Alhali yawancin irin wannan faɗuwa tana da suna a asibiti, ko tsayawar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko saukar sukari a jini, kuma 'yan mintocin farko suna iya raba rayuwa da mutuwa. Lokacin da ɗan ƙwallo Christian Eriksen ya faɗi ranar 12 ga Yuni 2021 a birnin Copenhagen, ana wasan Denmark da Finland, ma'aikatan lafiya sun yi ta danna ƙirjinsa, suka kuma sa masa na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya da wutar lantarki, kuma a watan Fabrairun 2022 ya dawo buga wasa. Labarin da ya ambaci cutar da matakin da aka ɗauka yana koya wa jama'a abin yi, wanda kuwa ya tsaya a kan faɗuwar ba ya barin komai sai jimami.

A kasuwa

A shafukan kasuwanci ne kalmar ta fi yawo, kuma a can tana aiki iri biyu, wani lokaci a matsayin aikatau mai nuna cewa abu ya faɗi, wani lokaci a matsayin suna mai nuna tsawon lokacin da aka shafe ana cikin faɗuwar. Farashin ɗanyen mai ya ba da misali cikakke: a watan Yunin 2014 ana sayar da ganga sama da dala 110, amma zuwa Janairun 2016 ta sauko ƙasa da dala 30, kuma ba ta yi saurin komawa inda take ba. Girman saukar da daɗewar da aka yi a ƙasa su ne suka sa kalmar ta dace. Haka yake ga ma'adinin uraniyum da Jamhuriyar Nijar ke haƙa a yankin Arlit, wanda farashinsa ya yi ta sauka bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, har kamfanin Areva na Faransa ya dakatar da aikin babbar mahaƙar Imouraren a 2014.

Hausa ba ta da ƙarancin hanyoyin faɗin wannan, kuma kowace tana nuna wani ɓangare na lamarin. Idan an ce farashi ya karye, magana ake a kan kuɗin kaya. Idan an ce kasuwa ta yi sanyi ko ciniki ya ja baya, masu saye ne suka yi ƙaranci, ko da farashin bai motsa ba. Idan kuwa an ce kaya sun yi kwantai, ana nufin an kasa su an wuni ba a saya ba. Turanci yakan rufe duka waɗannan da kalma ɗaya, don haka mai fassara yana bukatar ya fara gano ko farashi ne ya sauka, ko yawan ciniki, ko riba, ko abin da masana'antu ke samarwa, kafin ya zaɓi kalmarsa. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin karyewar farashin tumatir a kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano a lokacin da kayan noman rani suka cika kasuwa albishir ce ga mai cefane, amma ga manomin da ya ci bashin taki da man ban ruwa hasara ce tsantsa.

Akwai kuma wasu ƙananan kalmomi biyu da ke bin aikatau ɗin waɗanda suke yawan rikita masu karatu, wato "by" da "to". Ta farko tana faɗin yawan abin da aka rage, ta biyu kuma tana faɗin inda aka tsaya. A ɗauka ana sayar da buhun masara naira dubu 50: idan jimlar ta zo da "by" tare da dubu 10, buhun ya koma dubu 40, idan kuwa ta zo da "to", buhun ya koma dubu 10 ke nan. Kuskuren fassara a wannan wuri yana iya mayar da raguwar da aka saba gani ta zama labarin rugujewar kasuwa.

Ita da 'yan uwanta

Turanci yana da kalmomi da dama na sauka, kuma sauri da zurfi da tsawon lokaci ne suke bambanta su. "Dip" ƙaramar sauka ce da ake sa ran za ta wuce, irin wadda farashin hatsi ke yi a kasuwar Dawanau da kaka, wadda kowa ya san za ta juya kafin damina. "Crash" rugujewa ce ta kwanaki ko ma sa'o'i, kamar wadda ta auka wa kasuwar hannun jari ta New York a ranakun 24 da 29 ga Oktoba 1929. "Decline" kuwa ja da baya ne a hankali, na shekaru, wanda ba a iya nuna ranar da ya fara, kuma shi ya dace da labarin masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka yi ta raguwa tun daga shekarun 1980 har yawancinsu suka rufe a farkon shekarun 2000. Kalmar wannan babi tana tsakanin biyun ƙarshe, ta fi ja da baya sauri, ta kuma fi rugujewa daɗewa.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce "recession", abin da kafofin labarai na Hausa ke kira koma bayan tattalin arziki. Wannan kalma ce ta masana, kuma tana da ma'auni. Ana haɗa darajar dukkan kaya da ayyukan da ƙasa ta samar, a raba shekara zuwa zango huɗu na wata uku-uku, idan jimillar ta ragu a zango biyu a jere sai a ce ƙasar ta shiga koma baya. Da wannan ma'auni ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tabbatar a ƙarshen Agustan 2016 cewa Najeriya ta shiga wannan hali, bayan faɗuwar farashin mai ta haɗu da fasa bututu a yankin Neja Delta, kuma sai a zango na biyu na 2017 aka fita. An sake shiga a 2020 sakamakon annobar korona, inda tattalin arzikin ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a zango na biyu, ya kuma ci gaba da raguwa a na uku. Amurka tana bin wata hanya, domin a can wani kwamitin masana ne ke duba alƙaluman aikin yi da na kuɗin shiga da na masana'antu ya sanya ranar farawa da ta ƙarewa, shi ya sa koma bayan da suka ƙididdige a 2020 bai wuce wata biyu ba.

"Slump" ba ta da irin wannan ma'auni, babu hukumar da ke ayyana ta, babu kuma adadin da sai an kai shi kafin a furta ta. Wani editan zai yi amfani da ita a kan raguwar kashi biyu cikin ɗari, wani kuma sai an rasa rabin daraja. Gajeruwar kalma ce mai harafi biyar da ke shiga kanun labari cikin sauƙi ta kuma ja hankali, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ta yi yawa a jaridu fiye da yadda alƙaluman ke bukata.

Babbar faɗuwar shekarun 1930

Abin da Amurkawa ke kira "Great Depression", Turawan Ingila na wancan zamani sun fi kiransa da kalmar wannan babi, har masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya sanya ta a taken wata maƙala da ya wallafa a Disambar 1930. A Amurka, zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu iya aiki ba shi da aiki. A Birtaniya marasa aiki sun doshi miliyan uku, gwamnati ta daina jingina darajar fam da zinariya a Satumbar 1931, kuma garuruwan arewa masu dogaro da kwal da ƙera jiragen ruwa su suka fi shan wuya. A garin Jarrow, inda aka rufe masana'antar jiragen ruwa a 1934, maza kusan 200 suka taka da ƙafa har Landan a Oktobar 1936 don kai kokensu majalisa.

Lamarin bai tsaya a Turai ba. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama abin da manoman ƙasar Hausa ke nomawa don samun kuɗi, kuma farashinta yana bin kasuwannin Turai ne. Da masana'antun can suka rage saye a farkon shekarun 1930, kuɗin gyaɗa ya karye a Kano, alhali harajin da gwamnatin mulkin mallaka ke karɓa da tsabar kuɗi bai sauka daidai da haka ba. Manomin da bai taɓa jin sunan kasuwar New York ba sai ga shi yana sayar da ƙarin buhuna, wani lokaci har da hatsin da ya ajiye don iyalinsa, kafin ya haɗa kuɗin da a da buhuna kaɗan ke biya.

Filin wasa da wurin gini

A wasanni, kalmar tana nufin lokacin da ƙwararren ɗan wasa ko ƙungiya ta shafe tana kasa yin abin da aka san ta da shi. Fernando Torres ya bar Liverpool ya koma Chelsea a Janairun 2011 a kan fam miliyan 50, amma bai ci wa sabuwar ƙungiyarsa ƙwallo ba sai a ƙarshen Afrilu, a wasa da West Ham. Ba a faɗin haka ga wanda da ma bai iya ba, domin sai an hau ake saukowa.

Wuri ɗaya da kalmar ke da ma'auni na gaske shi ne wurin gini. Kafin a zuba kankare a ginshiƙi ko rufin bene, injiniya yakan gwada kwaɓin da wani gwangwanin ƙarfe buɗaɗɗe sama da ƙasa, mai tsawon santimita 30, faɗin gindinsa santimita 20, na bakinsa kuma 10. Ana dasa shi a kan shimfiɗaɗɗen faranti, ma'aikaci ya taka kunnuwansa da ƙafa don kada ya motsa, a cika shi da kwaɓi hawa uku, kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 25 don iska ta fita. Daga nan a share bakin, a ɗaga gwangwanin sama a hankali ba tare da karkatawa ba. Kwaɓin da ya rasa abin da ke riƙe shi sai ya zauna, a ajiye gwangwanin a gefensa, a gitta sandar a kansa, a auna tazarar da ke tsakanin sandar da saman kwaɓin. Wannan tazara ita ake kira "slump". Idan kwaɓin ya baje gaba ɗaya, alama ce ta cewa ruwa ya yi yawa, kuma kankaren da ruwa ya yi wa yawa yana da daɗin zubawa amma ƙarfinsa yana raguwa bayan ya bushe. Gwaji ne na 'yan mintoci da ba ya cin kuɗi, kuma a ƙasar da ake yawan samun rushewar benaye bai kamata a ga wurin gini babba da ba a yin sa ba.

Abin da kalmar ba ta faɗa

A amfanin yau da kullum, wannan aikatau ba ya ɗaukar karɓau, ma'ana ba a cewa wani ya yi wa wani abu "slump"; abin ne kawai ake cewa ya faɗi. Hausa tana da wannan bambanci a fili, domin "darajar naira ta karye" daban take da "an karya darajar naira". Jimlar farko tana ba da labarin abin da ya faru, ta biyu kuma tana nuna cewa akwai hannun da ya aikata, ko da ba a ambaci sunansa ba.

A labarin kuɗin ƙasa wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Ranar 20 ga Yuni 2016 dala ɗaya ta tashi daga kusan naira 197 zuwa kusan 280 a kasuwar hukuma, kuma hakan ya biyo bayan shawarar da Babban Bankin Najeriya ya yanke ne ta daina riƙe farashin a inda ya daɗe. A tsakiyar Yunin 2023 bankin ya haɗe kasuwannin canji ya saki farashin, sai dala da ake sayarwa kusan naira 460 a hukumance ta yi ta hawa har ta haura 1,400 a farkon 2024. A ƙasashen da ke kashe sefa kuwa, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, an kwana an tashi ne a Janairun 1994 aka tarar an rage darajar kuɗin da rabi, daga sefa 50 a kan faran ɗaya na Faransa zuwa 100, bayan wani taro da aka yi a Dakar. Duk waɗannan matakai ne da wasu mutane suka zauna suka ɗauka, suna da hujjojinsu, akwai kuma masu suka da nasu hujjojin. Kanun labarin da ya ce kuɗin ya faɗi kawai ya cire masu yanke shawarar daga cikin jimla, kuma jama'ar da ba ta san an yanke shawara ba ba za ta tambayi dalilinta ba.

Wannan ba ya nufin kalmar ƙarya take yi, domin akwai faɗuwar da babu mutum ɗaya da za a ɗora wa alhakinta, kamar ta farashin mai a Afrilun 2020 lokacin da duniya ta zauna a gida jirage suka daina tashi. Sai dai kalmar ba ta rarrabe wannan da waccan, kuma aikin rarrabewar ya rage ga mai karatu da mai fassara. Duk inda ta bayyana, akwai bukatar a nemi daga ina aka sauko, zuwa ina, cikin wane tsawon lokaci, sannan a duba ko akwai wata sanarwa ko doka da ta gabaci saukar. Mai fassarar da ya sami amsar ƙarshe yana da damar da marubucin Turancin bai yi amfani da ita ba, ta ya zaɓi tsakanin "ta karye" da "an karya".

Tambayar farko, wato daga ina aka sauko, ita ce ke kai ga kalmar da Turanci ke yawan haɗawa da wannan, "boom", wadda ke nufin bunƙasar farat ɗaya. Babi na gaba zai bi ta daga tashin farashin mai na 1973 da 1974, lokacin da kuɗin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, zuwa ƙarin albashin ma'aikata da aka sani da Udoji da abin da ya haifar a kasuwannin Najeriya, don ganin yadda shawarwarin da ake yankewa a shekarun yalwa suke shata zurfin faɗuwar da ke biyo baya.